Ruwan lagireto da yaran gidanka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafi. Tun shigowar Maris ba mai iya kwana a ɗaki.

Ƙanwarka ta dawo ta ba mu labarin motar, Allah ya sanya alheri. Ta ce ka daina kai ta gareji, da kanka kake sauya mata ruwan lagireto a tsakar gida, wai makanikan Injamena sun ishe ka da tsada. Ban ƙi ba. Amma tunda za ka yi, ka yi shi yadda ake yi.

Da sassafe ake wannan aiki, bayan inji ya kwana ya huce. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, amma wanda ke ƙarƙashin murfin nan a matse yake, yakan wuce haka bai tafasa ba, kana murɗawa sai ya yi feshi a fuskarka. Ka dai san hannun kawunka Bala. Ka sa daro a ƙasa, ka kwance ɗan matoshin da ke gindin lagireto, in ya cije ka zare tiyon ƙasa. In ya gama tsiyaya ka rufe, ka cika da ruwa mai tsabta, ka buɗe hita har ƙarshe ko da gumi zai kashe ka, don akwai tsohon ruwa maƙale a can. Ka ta da inji kamar minti 15, ka kashe, ka jira ya huce, ka sake zubarwa. Haka za ka yi ta yi har jan tsatsan ya daina fitowa. Sannan ka zuba sabon ruwan lagireto, mai kalar nan da ake saya, irin wanda motar take sha, kar ka gauraya kala da kala. In mai kauri ne, rabi shi rabi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa, leƙa cikin butar shayin mahaifiyarka ka ga abin da yake bari. Ka bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta ƙare, washegari ka duba ka ƙara. Wanda ya ce ka cire tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin inji, saboda ƙasarmu zafi, ka ce masa ubanka ya tsufa yana hawa tudun Ngaundare da lodi bai cire ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Ƙanwarka ta ce ta ga tsohon ruwan, kore shar, a cikin gorar lemo, an jingine ta a gindin randa. A gindin randa! Gidan da amaryata take, yarinyar da ko ƙasa ta samu sai ta kai baki. Ina hankalinka ya tafi? Ruwan nan guba ne, kuma mugun abin shi ne zaƙi gare shi, ba shi da warin da zai kori yaro. Kaɗan ya isa. Wanda ya sha zai fara tangaɗi kamar mashayi, ya yi amai, ya yi barci, mutanen gida su ce ai ya samu sauƙi, alhali ƙoda ce take lalacewa a ciki. Kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke. Ko kyanwa ta lasa a ƙasa, yana iya kashe ta. Kai da ka yi karatun da ni ban yi ba, sai na rubuto maka wannan daga Garwa?

Na san abin da za ka ce: Baba ya fara faɗansa. Kun daɗe kuna cewa na cika tsanani, har yau ba ku yafe mini kulle ɗakin kayan mota ba. To, ku takwas na raina a gidan da jarkoki suka fi tukwane yawa, ba wanda aka taɓa ɗauka a guje. Tsananin nan ne ya yi muku rana.

Yau ɗin nan, kafin ka karya kumallo, ka juye ruwan a jarka mai murfi, ka rubuta guba a jikinta, ka kai wa masu gareji ka tambaye su inda suke tara nasu. Kar ka zuba a kwata, kar kusa da rijiya. Gorar ka huda ta ka yar, daron kuma ya bar harkar wanki har abada. Inda ya zuba ka rufe da yashi ka kwashe. Ka zaunar da mai ɗakinka ka gaya mata: in yaro ya sha, ko da zato ne, ba madara, ba manja, ba sa masa yatsa a maƙogwaro, sai asibiti nan take, a tafi da abin da ya sha likita ya gani.

Ba don na raina ka nake faɗa ba. Yaron da ya sayi mota da guminsa, ya kuma shiga ƙarƙashinta da kansa, ya faranta mini rai fiye da yadda zan nuna a gabanka. In ka gama ka kira wayar mahaifiyarka ka sanar da ni. Tana gaishe ku, ta ce kilishin ya iso. Ka shafa mini kan amaryata, ka ce angonta na nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka