Wasiƙa daga Tuwal

Assalamu alaikum mutumina. Ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya.

Na ji saƙonka, wai tunda garin jami'a nake zaune ai kamar Samaru ne, ka tattaro jarinka ka kama shago bakin get ka sa injin fotokofi da teburin shayi. Wallahi sai da na yi dariya. Tsaya ka ji yadda wurin yake kafin ka sayar da filin nan naka.

Tuwal ɗan ƙaramin gari ne a bakin Bahar Maliya, wajen kilomita 80 arewa da Jidda in ka miƙi hanyar Rabig, a ƙarƙashin lardin Makka. Ƙasar shimfiɗe take, rairayi da gishiri, sai wasu bishiyoyi da ke tsirowa cikin ruwan teku a gaɓa, duwatsu kuwa sai ka nausa gabas sosai. Zafin nan ba irin namu na bazara ba ne mai busar da leɓe, shi jiƙa ka yake, ka fito daga cikin esi gilashin idonka ya yi hazo nan take, rigar da ka sa da safe kafin azahar ta manne a baya. Ruwan sama kuma ba ya zuwa sai lokacin sanyi, kaɗan, amma ranar da ya ga dama ya yi ɓarna, ka dai tuna ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009.

Asalin mutanen garin masunta ne, akasari 'yan ƙabilar Harb, kuma har yau kifi shi ne sunan garin. Daren Juma'a za ka ga motocin 'yan Jidda jere a gidajen cin kifi, ana zaɓar najil da hamur a kan kilo a soya maka, a haɗo da shinkafar sayadiyya. Ragowar jama'a baƙi ne irinmu, Bangali da 'yan Pakistan da Indiya da Yaman da Sudan, su ne a baƙala, wato kantin kayan masarufi, su ne a gareji da wurin gini. Hausawa ba mu da yawa ko kaɗan, in kwaɗayin tuwo miyar kuka ya taso min sai na dangana da Jidda ko Shara Mansur a Makka.

To jami'ar fa, KAUST, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah, an buɗe ta ranar 23 ga Satumba 2009, kamfanin man Saudiyya, Aramco, ne ya yi ginin, filinta murabba'in kilomita 36. Ga inda lissafinka ya karye: babu 'yan digirin farko masu neman ɗakin haya da garau-garau, masu digiri na biyu da na uku ne kawai, da turanci ake karatun, kuma kowa a ciki yake kwana, ɗalibi da malami da iyalansu, mutane daga ƙasashe sama da 100. Asibitinsu a ciki, makarantar yara a ciki, kanti, masallaci, bas mai zagayawa, har silima, kai mata ma suna tuƙi a cikin harabar tun kafin a ba su izini a ƙasa baki ɗaya a 2018. Get kuwa ba a shiga sai da kati ko wani na ciki ya gayyace ka. A Samaru ɗalibi ne ke riƙe da mai shago da mai gida da ɗan acaɓa, a nan ɗalibi zai iya gama karatunsa bai san inda baƙalar unguwarmu take ba. Ni a ganina gari biyu ne katanga ta raba, duk da dai ba za a ce garin bai amfana ba, an gyara bakin teku da tashar jiragen masunta, kuma akwai 'yan gari da ke aiki ciki.

Wuta ba a ɗaukewa, wannan kam sai godiya. Ruwa na teku ne ake tacewa a cire gishirin, na sha kuma yawanci na gora muke saya. Akwai ƙaramin asibitin gwamnati da makarantu na Larabci, amma baƙo da inshorar wurin aikinsa yake ganin likita, ciwo in ya yi tsanani sai Jidda. Jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018 ba ya tsayawa a nan, sai ka je tashar sabon birnin Sarki Abdullah ta wajen Rabig, don haka in ba ka da mota ka zama ɗan kallo. Daɗin abin ɗaya, muna tsakanin miƙatin Juhfa da Makka, daga ɗaki nake ɗaura harami in tafi Umara.

Batun shago kuma, baƙo ba ya buɗe kasuwanci haka kawai da iƙamar aiki, in ka fake da sunan ɗan ƙasa laifi ne babba, tasattur, akwai tara da ɗauri da kora. Iyali ma in ka ɗauko, riyal 400 ne duk wata a kan kowane mutum ɗaya, kai da ke da biyar sai ka buga lissafi.

Ka bar filinka. Ƙanin nan naka da ya gama kimiyyar sinadarai a ABU shi ya kamata ya nema, in sun ɗauke shi ba ya biyan kuɗin makaranta, ga gida ga alawus. Ka ce ya kira ni bayan isha'i agogonku. In an samu mai tahowa Umara a aiko min da daddawa da yaji.

A gaida mutanen majalisa.

Naka,
abokinka na Tuwal