Ba Kowane Ƙaramin Kifi Mai Gashin Baki Ne Ɗan Tarwaɗa Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu ƙananan kifaye da muke kwasa daga tafkunanmu na jihar Damagaram ba tare da mun san ko su wane ne ba.

A kakar da ta wuce na je Gidimuni, na tarar da wani dattijon masunci yana tsince kamunsa a bakin tafki. Da na nuna wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba na ce ɗan tarwaɗa ne, sai ya ɗora shi a tafin hannuna ya ce: "Yaro, sake dubawa." Kifin ya miƙe ƙayoyi uku, ɗaya a baya biyu a gefe, suka ƙage, yana wani ɗan kuka kamar ana goga ƙarfe. Ashe kurungu ne. Na ji kunya, domin shekara da shekaru ina sayen kifi a Kasuwar Dole, amma ban taɓa tsayawa na ƙidaya gashin bakinsa ba.

Bambancewar kuwa ba ta da wuya ga wanda aka nuna wa. Tarwaɗa gashin bakinta takwas ne, fiffiken bayanta guda ɗaya ne mai tsawo da ya tafi har kusa da wutsiya, wutsiyar kuma a zagaye take. Ramboshi ya yi kama da ita ƙwarai, sai dai nasa fiffiken ya rabu biyu, na bayan kamar tsoka yake. Kurungu gashinsa shida ne, na haɓarsa suna da rassa kamar saiwa, wutsiyarsa a tsage, akwai ma irin da ke iyo a rigingine. Minjirya, mai jan mutum kamar lantarki, ba ta buƙatar bayani ga wanda ya taɓa kama ta da hannu.

Abin da ya sa na damu shi ne, a cikin dangin nan akwai waɗanda Allah Ya halicce su ƙanana, ko sun tsufa ba sa girma, kuma wasunsu a wuri guda kaɗai suke rayuwa a duniya. A Namibiya akwai wata tarwaɗa mai launin zinariya, wadda idanunta suka shafe saboda zaman duhu, ba a samun ta sai a kogon Aigamas, tsawonta bai wuce santimita 16 ba, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. A Afirka ta Kudu ma akwai wani mai kimanin santimita 8 a rassan kogin Olifants, wanda kifayen da aka kawo daga waje suka kusa cinye shi. Da irinsu za su faɗo cikin komarmu, 'ya'yan tarwaɗa za mu kira su, mu shanya a rana.

Mu kuwa a nan, wasu da gidan sauro suke su, wanda ba ya barin ko ƙwai, sannan ana zuba tarwaɗa da karfasa a tafkuna domin bunƙasa kamu. Ban ƙi wannan ba, abinci ne kuma sana'a ce, amma tarwaɗa maciyar ƙananan kifi ce, ya kamata a fara sanin abin da ke cikin ruwan kafin a saka ta. Tafkin Lasuri ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare tafkuna da fadamun duniya tun 2005, na Gidimuni ya bi a 2019, wato alkawari ne muka ɗauka na kula da abin da ke cikinsu.

Roƙona ga malaman Jami'ar André Salifou da ma'aikatan ruwa da gandun daji shi ne su zauna da sarakunan ruwa da tsofaffin masunta, a ɗauki hoton kowane kifi, a rubuta sunansa na Hausa da na Barbarci kusa da na kimiyya, a buga a kan allo a kafa a wuraren da ake sauke kamu, tun dattawan da suka san sunayen suna raye.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku daga unguwar Birni, Zinder.