Rufe wuraren zamiyar ƙanƙara ba abin dariya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ya aiki ya kuma fama da wannan annoba ta korona. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga jihar Tirol a ƙasar Ostiriya, aikin kicin nake a wani otal a nan cikin duwatsu. Dalilin rubuto maka a wannan wata na Fabrairu 2021 shi ne na lura duk sanda aka kawo labarin cewa Turawa na rigima kan buɗe wuraren wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai mutanenmu su yi ta dariya, wai duniya na fama da korona su kuma damuwarsu wasa. Ban ga laifinsu ba, daga nesa haka abin yake kama. Amma a nan wannan wasan shi ne noma, shi ne kasuwa. Ƙauye guda sai ka ga daga mai otal, direban bas, mai wanki, mai gyaran takalman zamiya har mai gasa burodi, duk wata huɗu zuwa biyar ɗin nan na hunturu suke jira su samu abin da za su ci shekara. Kamar dai yadda aka soke hawan sallah a Kano a 2020, ai ba mahaya kaɗai abin ya taɓa ba.

Asalin tsoron daga wani ƙauye ne a nan Tirol mai suna Ischgl, mutanen cikinsa ba su fi dubu ɗaya da ɗari shida ba amma lokacin sanyi baƙi ke cika shi maƙil. Kuma ba a kan dutse cutar ta yaɗu ba fa, a mashaya ne, domin al'adarsu in an sauko da yamma sai a dunguma wuraren shaye-shaye a cunkushe ana kiɗa ana ihu har dare. Tun 5 ga Maris 2020 ƙasar Iceland ta yi gargaɗi cewa mutanenta da suka dawo daga can suna ɗauke da cutar, amma hukumomi a nan suka yi ta jan ƙafa, sai 13 ga wata shugaban gwamnati Sebastian Kurz ya sanar da killace kwarin da ƙauyen yake ciki gaba ɗaya, shi ma a gaggauce, baƙi suka yi ta turereniya cikin bas-bas kowa ya kwashi abin da ya kwasa ya kai ƙasarsu. Daga baya gwajin jini ya nuna sama da kashi 40 cikin ɗari na mazauna ƙauyen sun kamu. Mutum dubbai daga ƙasashe daban-daban suka shiga neman diyya. Ni dai a ganina kwanakin nan da aka ɓata saboda kar a rasa cinikin mako guda su suka jawo asarar shekara guda, har yau da nake rubutu Ischgl ba ta buɗe ba.

To da hunturun bana ya zo sai kowace ƙasa ta kama gabanta. Angela Merkel ta Jamus ta so duk Turai a rufe har cikin Janairu, ba a saurare ta ba. Faransa ta ce garuruwan a buɗe suke amma injinan da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse ba za su yi aiki ba, wato ka zo ka kalli dutse ka koma. Italiya kam abin tausayi ne, an ce musu su buɗe 15 ga Fabrairu 2021, sun ɗauki ma'aikata sun sayi kayan abinci sun gyara hanyoyi, ana gobe buɗewa da yamma ministan lafiya Roberto Speranza ya ce an fasa. Wallahi ko da hujjarsa gaskiya ce, ba haka ake yi wa mai neman abinci ba. Suwizalan ita kuma ta bar nata a buɗe, shi ne har aka ji labarin 'yan Ingila wajen ɗari biyu da aka ce su killace kansu a Verbier, suka sulale cikin dare, da safe ma'aikata suka tarar da ɗakuna wayam.

Mu nan Ostiriya tsaka-tsaki aka yi, an kunna injinan ranar 24 ga Disamba amma otal-otal da gidajen abinci a rufe, ma'ana 'yan gida kawai. Sai ka sa takunkumi mai ƙarfi irin FFP2 kafin ka shiga ɗan akwatin nan mai rataye da waya, kuma ba a cika shi. Duk da haka masu wayo ba su ƙare ba, a ƙauyen St. Anton 'yan sanda sun kama baƙi kusan ɗari da suka shigo da sunan wai neman aiki. Yanzu kuma ga nau'in cutar na Afirka ta Kudu ya ɓulla a Tirol, ba ka fita jihar sai da takardar gwaji, Jamus ma ta tsaurara iyakarta da mu.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne bana ne dusar ƙanƙara ta sauka yadda ake so. Shekarun baya kuka ake ba ta isa, sai an kunna injinan feso ta roba ana kashe ruwa da wuta. Bana kuwa tun farkon Disamba ta binne gabashin Tirol da arewacin Italiya, mutane na hawa rufin gida da shebur suna kwashewa kar ya rufta. A Janairu har birnin Madrid na Sifen, guguwar da suka kira Filomena ta zubo abin da ba su gani ba cikin shekara hamsin, mutane na zamiya a kan titi tsakiyar gari. Ga kaya ga babu mai saye.

Su 'yan ƙasa dai ba su zauna ba, don yaro a nan tun yana shekara uku ko huɗu ake ɗaura masa katakon zamiya a ƙafa. Da yawa sun koma yadda kakanninsu ke yi, su manna wani abu kamar fata a ƙarƙashin katakon don kar ya zame baya, su hau dutsen da ƙafa awa biyu awa uku sannan su gangaro cikin minti kaɗan, har kayan suka yi wuyar samu a shaguna. Matsalar ita ce wajen hanyoyin da aka gyara babu mai tsare ka daga zaftarewar dusar ƙanƙara, ma'aunin haɗarin daga 1 zuwa 5 ne, a tsakiyar Janairu ya kai 4 a nan, kuma an rasa rayuka a ƙasashen yankin, ciki har da ƙwararru ba sababbin shiga kaɗai ba. Gasar zamiya ta garin Kitzbühel da a da dubban mutane ke cika ta an yi ta ba ɗan kallo, Beat Feuz na Suwizalan ya ci tseren gangara har sau biyu ba mai tafa masa sai ma'aikata.

Wanda ba a cika faɗa ba su ne ma'aikatan wucin gadi. Mu da ke da kwantiragi gwamnati na biyan wani kaso na albashi, alhamdulillahi ana lallaɓawa. Amma masu zuwa duk hunturu daga Hungary, Romaniya, Slovakiya da sauransu su yi wanke-wanke da gyaran ɗaki, da yawansu ba a ma kira su ba bana, ba su cikin lissafin kowa.

Don haka Malam Edita ina roƙo in za ku sake kawo labarin nan ku haɗa da ɓangaren waɗannan mutane. Sannan 'yan uwa matasa da ke turo min saƙo suna tambayar aikin otal a nan, don Allah ku dakata tukuna, kar wani dillali ya karɓi kuɗinku da sunan akwai aikin hunturu, otal ɗin da za ku yi wa aikin a kulle yake.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku mai karatu,
daga Tirol, Ostiriya
Fabrairu 2021