Ku gaya wa yaran makaranta gaskiya kan ƙwallo

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na wasanni na daren Asabar ya ɓata min rai ƙwarai. Awa guda cur kuna yabon taurarin da suka fito daga makarantun sakandare: Stephen Keshi, Henry Nwosu da Samson Siasia na St. Finbarr's a Legas, da Hakeem Olajuwon da ya bar Muslim Teachers College ya tafi Houston har ya ci kofin ƙwallon kwando na NBA a 1994 da 1995. Duk gaskiya ne. Amma babu wanda ya tambaya ina sauran yaran da suka buga tare da su suka ƙare. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda baƙonku ya nuna cewa yaro mai ƙafa ba ya buƙatar zaman aji, mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya wuce. 'Yan aji huɗu da aji biyar ne fa ke sauraronku a teburin mai shayi!

Me ya hana ku ambaci Segun Odegbami? Ya yi St. Murumba a Jos, ya karanci injiniyanci a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, kuma hakan bai hana shi jefa ƙwallo biyu a ragar Aljeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980 ba. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka lauya ne, har kwamishinan shari'a ya yi a jihar Ribas. Shi kuwa kyaftin ɗinsu, marigayi Christian Chukwu, da rashin lafiya ta kama shi a 2019 sai da aka nema masa gudummawa kafin a kai shi Landan. Idan wanda ya ɗaga wa ƙasa kofi ya shiga wannan hali, ina ga yaron da kofin shugaban makaranta kaɗai ya taɓa ci?

Gwiwa ce ke gama da yara da dama. Filayenmu jar ƙasa ce mai tauri, yaro ya dasa ƙafa ya juya da gudu, sai ya ji ƙas a cikin gwiwa, kafin dare ta kumbura. Galibi jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Abin da ya kamata a yi nan take shi ne a fitar da shi daga fili, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar, a kai shi asibiti. Mu kuwa sai mu garzaya wurin mai ɗori, a murɗe, a shafa man zafi. Ɗori na karaya ne. Jijiya ba ƙashi ba ce, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai na MRI. In an yi tiyata, ana bukatar kamar wata tara na gashi da motsa jiki kafin a koma fili. In ba a yi ba, yaron zai ji sauƙi bayan 'yan makonni ya koma buga ƙwallo, gwiwar tana zillewa tana cin guringuntsi, har wata rana hawa bene ya iya zama masa aiki.

Sai rage shekaru, wanda ko a baki ba ku taɓa ba. A 2009 FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasan gasar 'yan ƙasa da shekara 17 don ganin ko ƙashin ya gama haɗewa, alamar cewa yaro ya wuce shekarun gasar. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets, ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17, suka faɗi wannan gwaji, daga nan Nijar ta fitar da mu daga neman gurbin kofin Afirka, alhali mu ke riƙe da kofin duniya. Asarar ba ta tsaya a fili ba. Yaron da aka sauya wa ranar haihuwa a fasfo, takardarsa ta WAEC tana ɗauke da wata ranar daban. Ran da ƙwallo ta ƙi, ya ɗauko takardar neman aiki ko gurbin karatu, sai a ce ba tasa ba ce.

Dillalan bogi ma suna nan birjik. Dokar FIFA ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 buga wa kulob a wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Kulob na gaske ba ya cewa uba ya sayar da gona. Duk wanda ya nemi kuɗi ya kawo bizar yawon buɗe ido, a tambaye shi lasisinsa da takardar gayyata daga kulob ɗin.

Ko wanda Allah Ya ba sa'a, da wuya ya wuce shekara 35 yana bugawa. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi su ne za su kai shi jami'a ko su sama masa tallafin karatu a Amurka. Don haka ku sake shirin nan, ku gayyato likita daga asibitin ƙashi na Dala da malamin wasanni na makarantar gwamnati, ku bar su su yi wa iyaye magana.

Sannan don Allah ku rage tallan cacar ƙwallo. Sau uku kuka katse hirar don sa shi, sakamakon gasar Firimiyar Najeriya kuwa ba ku karanta ba har lokaci ya ƙare.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Kaduna.