Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan tsaron makarantar kwana ta 'yan mata

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin na 'ya'ya ga ubansu, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani. Mu ne talakawanka, iyayen ɗaliban makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan gari, tare da maƙwabtan makarantar. Da bakinmu muka saba kawo kuka fada. Yau mun rubuta ne domin maganar baki ta sha bin iska.

Ranka ya daɗe, ka ji abin da ya faru a daren Talatar da ta wuce, amma muna so ka ji shi daga bakin waɗanda suka tsaya a ƙofar. Dare ya raba aka ji ƙarar babura ta wajen rafi, sai harbi ya biyo baya. Yaran suka farka cikin duhu, babu wutar lantarki, fitilun solar da ke harabar kuwa sun daɗe da mutuwa. Suka yi kan ƙofar ɗakin kwanansu, suka tarar an garƙame ta da kwaɗo ta waje. Makullin yana hannun wadda ke kula da su, ita kuma ta shiga gari ta kwana. Da muka iso, hannayen yara muke hange ta tsakanin ƙarafan taga suna kiran iyayensu. Da taɓarya aka ɓalle kwaɗon. Wasu yaran sun samu ƙarfen taga da ya yi tsatsa sun lanƙwasa shi sun dira, suka bi ta inda katanga ta rushe suka faɗa gonakin dawa. Akwai wadda ta karye a ƙafa, akwai mai ciwon asma da aka ɗauko a sume. Maigadin, dattijo ne da tocila da gora, ya tsaya bai gudu ba, Allah ya saka masa. To amma me gora za ta yi? Ko katin waya ba shi da shi.

Allah ya tsare, masu baburan wucewa suka yi. Da sun tsaya, da yanzu wata takardar muke rubutawa.

Abin da ya fi ci mana rai, ranka ya daɗe, shi ne babu mai cewa a yi kaza. Shugaban makaranta ba ya kwana a ciki, mataimakansa ma haka. Gari ya waye ana ƙidayar yara da ka, domin rajistar ɗakunan kwana tana kulle a ofis, kuma da aka ɗauko ta sai aka ga har da sunayen waɗanda suka gama tun bara. Sai da rana ta take kafin uba ya tabbatar 'yarsa tana nan. Daga baya aka tara mu aka ce mu yi haƙuri, ai ba a ɗauki kowa ba. Muna neman afuwa, amma wannan magana ta yi mana zafi ƙwarai.

Mun kai maganar katangar nan taron iyaye da malamai, mun kai wa kansila, mun je ofishin ilimi na shiyya. An zo an auna, an ɗauki hoto, an ce mu saurari kasafin kuɗi. Damina ta zo ta ƙara zubar da wani ɓangaren. Yanzu awaki ma ta nan suke shiga.

Ba tsoro muke ƙirƙira ba. A watan Disamba na 2020 an kwashe yara maza fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, cikin dare. A Fabrairun 2021 aka shiga Kagara, bayan 'yan kwanaki aka tafi da 'yan mata 279 daga Jangebe. A Kuriga, cikin Maris na 2024, da safe ma aka zo. Can ma da farko an ce 287 aka ɗauka, daga baya hukuma ta ce 137, kuma ka ga irin ruɗanin da muka ɗanɗana ke nan. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa kan tsaron makarantu, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens a Abuja. Mu dai a nan ko lambar wayarsu ba a taɓa liƙa mana a bango ba.

Don haka muke roƙon Mai Girma Hakimi ya shige mana gaba wurin shugaban ƙaramar hukuma, in ta kama har gaban Mai Martaba Sarki. A tilasta wa shugaban makaranta ko mataimakinsa kwana a cikin makarantar, gidan yana nan an bar wa jemagu. A daina kulle yara ta waje. In don tsaron mutuncinsu ne, a sa sakata ta ciki, babbar mace ta kwana tare da su, kowane ɗaki ya samu ƙofa ta biyu. A riƙa kiran suna kowane dare, takardar kuma ta kwana a hannun mai kula da ɗaki. Muna so a zauna da baturen 'yan sanda da 'yan sintiri da limamai a tsara: wa zai kira wa, wace ƙararrawa ce ta fita, wace ce ta a kwanta a yi shiru, ina yara za su taru. A gwada wannan da rana tsaka sau ɗaya a kowane zango, har sai ƙaramar 'yar aji ɗaya ta san inda za ta nufa. Wannan ba ya buƙatar kasafin kowa.

Katangar kuma, ranka ya daɗe, a gina ta. In hukuma ta ba da siminti, mu za mu kawo yashi da ruwa, matasanmu su yi aikin. A gyara fitilun, a ƙara masu gadi matasa, a ba su waya mai kuɗi a ciki, a share dajin da ya rufe bayan ɗakunan kwana. Makiyaya da manoman da ke wajen rafi su ne ke fara ganin baƙuwar fuska; a ba su wanda za su gaya wa ba tare da sunansu ya fita ba. Kuma muna sake roƙo, a daina sa kwaɗon nan tun yau.

Wasu daga cikinmu sun riga sun kwashe 'ya'yansu, har an fara maganar aurar da su. Mun lallashe su su dakata zuwa ƙarshen hutun nan. Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya sa ranar da zai taka da ƙafarsa ya ga tagar da aka lanƙwasa, kafin a yi mata fenti.

Allah ya ƙara wa Hakimi nasara, ya tsare ƙasarsa.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen ɗalibai, dattawan unguwar bayan gari, da matan da suka kwana a ƙofar makaranta.