A Ba Ɗalibanmu Damar Riƙe Alƙalami

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da insha'i da adabi a wata kwaleji a nan Sakkwato, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya na ce ɗalibai su rubuto shafi ɗaya kan safiyarsu. Yawancinsu daga intanet suka kwafo. Wata yarinya 'yar Mabera kuwa ta rubuta yadda kakarta ke dama fura, har da zufar da ke tsatsafowa a goshinta. Sau uku na karanta, wallahi raina ya yi fari.

Irin wannan yarinya gyara take buƙata layi-layi, amma ajina cike yake maƙil. Sai muka koma haddace ma'anar jigo da salo saboda jarrabawa. A garin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta bar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa!

Ina roƙon hukumomi su raba manyan azuzuwan nan, su ware awa biyu kowane mako don rubutu kawai.

Wassalam,
Malamin adabi, Sakkwato