Wasiƙa zuwa ga aminina game da gyaran sashen Baba

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Kumasi, na samu saƙonka cewa ka aiko da kuɗi domin a gyara wa Baba sashensa, kuma ka ɗora mini nauyin sa ido a kan aikin. Na karɓa da hannu biyu, sai dai ban yarda da tayil mai ƙyallin nan da ka ce a shimfiɗa har cikin banɗaki ba, kuma ina so ka ji dalilina kafin magini ya fara.

Ka san abin da ya samu Hajiyarmu bara da damina. Ta fito alwalar asuba, an ɗauke wuta, ta taka tayil ɗin da ruwa ya kwana a kansa da silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe, sai santsi ya kwashe ta. Daga tsaye kawai ta faɗi, amma ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki a Asibitin Ƙashi na Dala, kuma har yau a zaune take sallah. Ni ne na sa aka saka tayil ɗin don in faranta mata, abin da ke ci mini rai ke nan. Likita ya bayyana mana cewa ƙashi yana rage ƙarfi da shekaru, musamman ga mata bayan sun daina al'ada, shi ya sa faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe jikinsa take kwantar da tsoho wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne faɗuwa ke kashewa duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Saboda haka shawarata ita ce a sa tayil mai kaushi a banɗaki da wurin alwala, ko ma a bar daɓen siminti wanda ba a goge shi ya yi sulɓi ba, a kuma karkata daɓen zuwa rariya yadda ruwa ba zai tsaya har gansakuka ta fito ba. Zan kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, domin tashi daga tsuguno shi ne abin da ya fi ba Baba wahala, kuma na sha ganin sa yana dafa ƙofa, alhali ƙofa motsi take yi. Kujerar wanka mai ƙarfi ma za ta yi masa amfani, in dai za a shawo kansa ya zauna a kai, don ka san halinsa.

Dokin ƙofar ɗakinsa ya yi tudu da yawa, gara a rage shi, a kuma cire tsohuwar ledar da bakinta ya naɗe. Batun haske kuwa, ƙaramar sola da ƙwai biyu, ɗaya a bakin ɗaki ɗaya a hanyar banɗaki, ta fi tocilar da kullum jikoki ke ɗaukewa.

Akwai abin da magini ba zai iya gyarawa ba. Baba yana shan maganin hawan jini, kuma irin wannan magani kan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri daga kwance, don haka na roƙe shi ya riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ya tashi. Na kuma lura yana laluben takalminsa ko da rana, ina zargin yanar ido ce, kuma ina ganin ragowar kuɗin tayil ɗin zai isa a kai shi likita ya duba.

Ka ba ni amsa kafin Juma'a, domin ranar Asabar magini zai shiga kasuwa sayen kaya. Baba da Hajiya suna gaishe ka, a gaida mini uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini,
daga Kano